Garke Ɗaya, Namiji Ɗaya: Kundin Aikin Jinom ɗin Barewa

9 ga Janairu, 2025

Samfuran sun iso jiya da yamma cikin akwatunan sanyi biyu. Sai da na ƙirga su sau biyu kafin in sa a firiza. Akwai kwalaben jini, da 'yan gutsattsarin fatar kunne, da kwalaben kashi masu yawa da masu gadin gandu suka yi watanni suna tsinta. Jinin da fatar an same su ne lokacin da likitan dabbobi ya yi wa wasu barewar allurar barci don a sa musu alama.

Tunda wannan ne shafin farko, bari in rubuta abin da aka ce mu nemo, kada gaba in ruɗe in ce wani abu ne daban. Garken barewa ne guda a cikin gandun daji mai shinge. Da 'yan dabbobi kaɗan aka kafa shi shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga ranar ba a ƙara shigo da ko ɗaya daga waje ba. Ya yi ta ƙaruwa na wani lokaci, daga baya ya tsaya cak. Masu gadi sun ce haihuwa ana yi, 'ya'yan ne ba sa daɗewa. Akwai kuma wani garken na irin wannan barewar a wata cibiyar kiwo mai nisa. Tambayar shugabar aikinmu ɗaya ce: a ɗauko wasu daga can a haɗa da na gandu, ko a bar kowa inda yake?

Nawa aikin shi ne karanta jinom ɗinsu. Jinom shi ne ɗaukacin rubutun gadon da ke cikin ƙwayar jikin dabba, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. A shanu da awaki da barewa rubutun ya kusa haruffa biliyan 3. Kowace dabba kofi biyu gare ta, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kusan duk abin da zan yi a shekarar nan bai wuce ɗora kofi biyun nan gefe da gefe in ga inda suka saɓa da inda suka zo ɗaya ba.

23 ga Janairu

Jinin bai ba ni wahala ba. Kwana biyu na gama fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gadon, daga cikinsa, tsaf-tsaf kuma wadatacce.

Kashin ne ya sha mini kai. Abin da ake nema a jikinsa 'yan ƙwayoyin hanjin dabbar ne da suka manne a bayansa lokacin fitowa. Sauran duk DNA ɗin bakteriya ne da na ciyawar da ta ci, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a niƙa ƙwallon. Bayansa kawai ake wankewa a hankali a bar cikin. Ga sinadaran ganye da ke biyo DNA ɗin su toshe PCR, wato gwajin da ke ninka DNA ya yi yawa har a iya duba shi. Wanda ya yini a rana kafin a ɗauke shi kuwa, kafin ya iso hannuna ya riga ya karairaye.

Na lura kwalaben wani mai gadi guda duk sun yi kyau. Da na bincika, ashe shi da sassafe yake bin garken, ya jira dabba ta yi ta matsa, ya ɗauka da ɗuminsa ya jefa cikin etanol. Na roƙa a ce wa sauran su yi koyi da shi.

11 ga Fabrairu

Injin da zai karanta jinom sukutum yana wata ƙasa, sai da takarda za a tura DNA ɗin. Irin barewarmu tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta sa wa ido, ga kuma ƙa'idojin yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, kan cewa ƙasar da dabba ta fito tana da haƙƙi a duk amfanin da aka samu daga gadonta. Ba na jin haushin dokokin. Jiran ne ba daɗi. Na cike shi da karatu da lissafi.

Karatun ya kai ni wani bincike na 1979 da aka yi da bayanan haihuwa na gidajen namun daji. An duba dabbobi masu kofato iri 16, aka ga a 15 daga ciki 'ya'yan da iyayensu dangin juna ne sun fi mutuwa tun suna ƙanana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowace dabba tana ɗauke da wasu kurakurai a rubutun gadonta waɗanda ba sa cutar da ita matuƙar ɗaya kofin lafiyayye ne. In uwa da uba kakansu ɗaya, sai kuskuren kakan ya biyo ta hanyoyi biyu ya haɗu a jikin ɗan, babu kofin da zai rufa masa asiri. Ɗan da aka samu tsakanin uba da 'yarsa, kashi ɗaya bisa huɗu na jinom ɗinsa haka yake zuwa, kofi biyu iri ɗaya. Tsakanin 'yan uba kuwa ɗaya bisa takwas.

Lissafin kuma wata waya ce ta jawo shi. Babban mai gadin gandu ya kira kan maganar etanol, muna cikin hira ya ce: "Ai Malama, garken nan namiji ɗaya ne ke riƙe da shi. Tsoho ne mai karyayyen ƙaho, ba ya barin kowa ya kusanci matan."

Ina ajiye waya na ɗauko takarda. A wajen masu wannan ilimi, yawan kawunan garke ba shi ne abin dubawa ba, sai adadin waɗanda jininsu ke wucewa gaba a zahiri. Hanyar lissafin mai sauƙi ce: a ninka yawan maza masu barbara da yawan mata, a ninka da 4, a raba da jimillarsu. In namiji 1 ne da mata 30, amsar ba ta kai 4 ba. A kawo mata 300 ma, in dai namijin ɗaya ne, ba za ta haura 4 ba. Garken da adadinsa ya tsaya a 4 yana asarar kusan ɗaya bisa takwas na bambancin gadonsa a kowane zubi, wato daga iyaye zuwa 'ya'ya. Amma in maza 5 ne da mata 30, adadin ya koma 17, asarar ta sauko kusan kashi 3 cikin 100. Tun 1980 ake maganar cewa adadin nan ya kamata ya kai 50 don kauce wa illar kusa, ya kai 500 don dogon zango, kuma yarjejeniyar Kunming da Montreal kan kare halittun duniya ta Disamban 2022 ta ɗauki 500 ɗin a matsayin ma'auni. Mu kuwa muna maganar 4.

6 ga Maris

Takarda ta fito, an tura. Don kuɗin ya isa, mun ce a karanta kowane gurbi na jinom ɗin kimanin sau 5. Cibiyar kiwo ta riga ta karanta nata dabbobin tun bara, kimanin sau 20, kuma ta ba mu bayanan kyauta.

2 ga Afrilu

Bayanan sun dawo. Injin ba ya karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe. Yanka shi yake yi gunduwa-gunduwa, kowace haruffa 150, miliyoyi a cakuɗe, sai kwamfuta ta nemo wa kowace mazauninta ta hanyar kwatanta ta da wani jinom da aka riga aka jera. Na irin barewarmu babu kammalalle a hannunmu, sai na jingina da na akuya, wanda aka fitar da ingantaccensa a 2017. Akuya da barewa sun rabu da juna tun miliyoyin shekaru, don haka akwai gunduwoyin da ba sa samun wurin zama, kuma wuraren da barewa ta fi saɓa wa akuya su ne suka fi ɓacewa. Na san da wannan gurguntar, na rubuta ta a saman fayil ɗin don kada in manta. BWA, manhajar da ke nemo wa gunduwoyin mazauninsu, tana ta aiki, za ta kwana uku.

15 ga Afrilu

Sakamakon farko ya tayar mini da hankali. Abin da nake nema shi ne dogayen shimfiɗu a jikin kuromosom, wato ƙunshin da rubutun gadon yake nannaɗe a ciki, inda kofin uwa da na uba suka zo iri ɗaya babu ko harafi ɗaya da ya saɓa. A dabbobin gandu shimfiɗun nan sun mamaye ko'ina, na cibiya kuwa fes. Ban yi wata-wata ba na tura wa shugabar aiki hoton da dare, na rubuta a ƙasa cewa garken yana bakin rami.

17 ga Afrilu

Na yi garaje.

Amsarta layi ɗaya ce: sau nawa aka karanta na gandu, sau nawa aka karanta na cibiya? Ina gani na gane. A gurbin da uwa ta ba da A uba ya ba da G, kowane karatu kamar jefa kwabo ne, ko ya faɗa kan wannan kofin ko wancan. In sau 4 aka karanta, a gurbi 1 cikin 8 duk huɗun za su faɗa kan kofi guda, kwamfuta ta ɗauka harafi ɗaya ne a wurin. In sau 5 ne, 1 cikin 16. In sau 20 ne, 1 cikin fiye da 500,000. Ga shi kuma na sa wa manhajar tsauraran sharuɗɗa da ke zubar da duk gurbin da shaidarsa ba ta da ƙarfi. Ashe wani ɓangare na abin da na gani ba jinin barewa ba ne, ƙarancin karatunmu ne.

Don in tabbatar, na ɗauki bayanan cibiya na zubar da uku bisa huɗu da gangan, suka dawo daidai da namu, na sake gudanarwa. Nan take su ma suka fito kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. Na koma wa wata manhajar mai suna ANGSD, wadda ba ta yanke hukunci kan kowane gurbi sai ta auna yiwuwar kowace amsa. Shugabar ta kuma yarda a sake karanta wasu daga na gandu sosai. "Dokta, a yi haƙuri da saƙon shekaranjiya," na ce mata. Dariya ta yi ta ce gara a watan Afrilu da a gaban kwamiti.

13 ga Mayu

Wani namijin gandu ya fito da bambanci tsakanin kofi biyunsa fiye da kowa, har ya zarce na cibiya. Kwana ɗaya na yi ina murna, ina cewa ga wanda za a ɗora a kan garken. Amma abin da ya faru a Afrilu ya koya mini hankali. Namiji kuromosom X ɗaya gare shi, bai kamata a ga haruffa biyu suna jayayya a kansa ba. A nasa an gani. Mitokondiriya ma, wani ɗan sashe na ƙwayar jiki mai nasa DNA da ake gado daga uwa kaɗai, iri biyu ta fito. Dabbobi biyu ne a kwalba ɗaya. Ko a daji aka haɗa su ko a teburina, ban tsaya neman mai laifi ba. Na sake fitar da DNA daga fatar kunnensa. Ya dawo kamar sauran 'yan garken, ba abin da ya fi su.

20 ga Yuni

Yau na daɗe a gaban allo, kuma ina jin yau ce ranar da aikin ya juya.

Sabon karatun ya iso, tare da na wasu tsofaffin fatu da wani gidan adana kayan tarihi ya bari aka ɗan yanka. An ɗebo su ne daga daji fiye da shekara 100 da suka wuce, tun barewar tana ko'ina. DNA ɗinsu gajeru ne ƙwarai, kuma a bakin kowace gunduwa C yakan rikiɗe ya karantu kamar T saboda tsufa, sai an datse bakin kafin a yi amfani da su. Da na gama, abin da na gani shi ne ko a wancan zamanin bambancin gadon wannan barewar ba mai yawa ba ne. Ya fi na yanzu, amma ba da irin ratar da na zata ba.

Da na fara aikin nan, a raina ƙarancin bambanci shi ne cutar, in an gan shi an ga ajali. Ba haka abin yake ba. A 2022 an karanta jinom 20 na vakita, wata ƙaramar dabbar ruwa ta Mashigin Kalifoniya da ba ta fi goma ba a duniya. Bambancinta ɗan mitsitsi ne, amma haka ta rayu dubban shekaru ba ta da yawa, munanan kurakuran suka yi ta bayyana suna tafiya da masu ɗauke da su a hankali, har suka ragu. Masu binciken suka ce in an cire ragar kamun kifi da ke shaƙe ta, gadonta ba zai hana ta farfaɗowa ba. Kakapo ma, akun nan na Niyu Zilan da ba ya tashi, wanda ya sauko zuwa 51 a 1995, an gano a 2021 cewa na tsibirin Stewart, da suka yi kimanin shekara 10,000 a keɓe, sun fi na babban yankin ƙasar ƙarancin munanan kurakurai. Ƙanƙantar da ta zo sannu-sannu tana tace jini. Wadda ta faɗo rana ɗaya ita ce mai kisa, don kurakuran da babban garke ya tara a ɓoye duk suna nan, sai kawai a wayi gari 'yan uwa ne ke haɗuwa.

Tsawon shimfiɗun ne ke bambanta su biyun. A kowane zubi, kuromosom na uwa da na uba suna musayar sassa, don haka yankin da aka gada daga kaka yana ƙara guntulewa yayin da zuri'a ke nisa. A ƙiyasi, shimfiɗar da ta kai haruffa miliyan 10 tana nufin uwa da uba sun haɗa kaka kimanin zubi 5 baya. Mai miliyan 1 kuwa kimanin zubi 50. Gajeru tsohon labari ne, dogaye na jiya ne.

Garken cibiya gajeru ne suka fi yawa a jikinsu. Suna da littafin nasaba, ba sa haɗa namiji da mace sai sun duba. Na gandu suna da gajerun, sannan ga dogaye, wasu sun kusa cinye kuromosom guda, kuma ƙananan dabbobin sun fi manya yawansu. Wato abin yana ƙaruwa a gaban idonmu. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a 2023 a mariri mai ƙaho kamar lauje, wanda aka ayyana ya ƙare a daji a 2000, aka fara mayar da shi Chadi a 2016: garkunan da aka bari suna barbara yadda suka so sun fi waɗanda ake bi da littafi dogayen shimfiɗu.

Wannan karon ban tura wa kowa komai da dare ba.

18 ga Yuli

An yi taro ta intanet: shugabar aiki, likitan dabbobi, babban mai gadi, mai kula da garken cibiya, sai ni. Ya ɗauki awa uku.

Mai kula da cibiya ba ya son a taɓa masa garke. Ya ce shekaru ya yi yana gyara nasabarsu, ba zai kai su inda za su mutu ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Likita damuwarsa cuta ce, ya ce babu dabbar da za ta tsallaka shinge sai an killace ta an gwada ta.

Shugabar ta kawo labarin puma, wata dabba dangin damisa, a jihar Fulorida ta Amurka. A farkon shekarun 1990 pumar can ba ta wuce 20 zuwa 30 ba, wutsiya a tanƙware, zuciya da huji, maza da yawa 'ya'yan marainansu ba su sauko ba. A 1995 aka kawo mata 8 daga Texas aka saki, 5 suka haihu, cikin shekara 15 adadin ya ninka kusan sau uku, lahanin ya ragu. Daga nan ta ce a kawo ƙaƙƙarfan namiji ɗaya daga cibiya ya karɓe garken, shi ne mafi sauƙi da arha.

Nan na sa baki, ko da yake ban saba ja da ita a gaban mutane ba. Na ce, "Dokta, a duba kerkecin Isle Royale tukuna." Tsibiri ne a Tafkin Superior, tsakanin Amurka da Kanada, inda kerkeci suka daɗe suna barbara tsakaninsu. A 1997 wani namiji ya tako ƙanƙara daga Kanada ya shiga. Ya fi na tsibirin ƙarfi ƙwarai, ya yi ta haihuwa, cikin kusan shekara goma fiye da rabin gadon tsibirin nasa ne. Daga nan zuri'arsa suka koma haɗuwa da juna. A 2016 kerkeci biyu suka rage, uba da 'yarsa, kuma uwarsu ɗaya. Sai da aka kwaso wasu daga waje tun daga 2018. In muka cire tsoho mai karyayyen ƙaho muka sa baƙo ɗaya a gurbinsa, an gudu gara ne an faɗa gidan zago, lissafin nan na Fabrairu yana nan a 4. Na ce a kawo da dama, har da mata, kuma kashi-kashi.

Akwai wani abin da na nemi a duba kafin komai. A gidajen namun daji an taɓa haɗa dikdik, wasu ƙananan dangin gada, da ido bai ga bambancinsu ba, ashe tsarin kuromosom ɗinsu ya saɓa, 'ya'yansu maza suka fito ba sa haihuwa. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2011 ita ce haɗa garkuna biyu ba shi da haɗari sosai in kuromosom ɗinsu ɗaya ne, muhallinsu ya yi kama, kuma rabuwarsu ba ta kai shekara 500 ba. Biyun ƙarshe mun cika su. Na farkon sai an raini ƙwayoyin jiki an duba da madubin ƙara girma, kuma jinginar da na yi da jinom ɗin akuya ba za ta ba ni wannan amsar ba.

Babban mai gadi bai ce uffan ba sai da za a tashi. Ya ce yana da wani littafi da zai aiko mini.

7 ga Agusta

Littafin ya zo, hotunan shafuka ta waya. Shekara da shekaru yana rubuta kowace haihuwa da kowace gawa da hannunsa: rana, wuri, uwar in ya gane ta, da yadda ya sami gawar. Ba wanda ya sa shi. Mako biyu na yi ina kwafewa cikin kwamfuta.

Inda muke da jinin ɗan ko na uwarsa, alamar ta karkata inda ake zato: masu dogayen shimfiɗu sun fi mutuwa da wuri, wasu an same su kwance ba rauni, ba su ko tashi sun sha nono ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi a littafin nan akwai 'ya'yan da ko rarrafen ba su yi ba. Sai dai adadinsu kaɗan ne, ba zan kafa hujja a kansu su kaɗai ba.

Abin da ban zata ba shi ne yawan gawarwakin da ya rubuta "an ci" a gefensu, kuma galibi a kusurwa ɗaya ta shingen inda ciyawa ta ƙare, ɗan barewa ba shi da wurin laɓewa. Da na kira shi ya ce: "Malama, maganar jini ku kuka sani. Amma dilan nan da ke shigowa ta ƙarƙashin waya, ni nake ganin sawunsa kullum." Watanni bakwai ina kallon haruffa, ramin da ke ƙarƙashin waya bai fito a ko ɗaya daga cikinsu ba. Na sa gyaran shingen a saman rahotona, gaban duk maganar jinom. Baƙin da za a kawo ma 'ya'yansu ta wannan kusurwar za su bi.

16 ga Satumba

Kashin ya biya wahalarsa. Daga jinom ɗin da muka karanta na zaɓo gurabe 96 da suka fi rarrabe dabba da dabba, aka haɗa gwajin da ke duba su kaɗai. Wannan ba ya buƙatar DNA mai yawa, kashi ma ya isa. Matsalarsa ɗaya: in DNA ɗin ya yi kaɗan, kofi ɗaya yakan ɓace a PCR, don haka kowane samfuri sau uku nake maimaita shi, ba na karɓar amsa sai ta zo ɗaya. Kusan rabin kwalaben farko sun faɗi. Na bayan Janairu yawancinsu sun yi.

Yanzu muna da shaidar kusan kowace dabba a gandun ba tare da an sake kama ko ɗaya ba, kuma na zana nasabarsu. Mai gadi ya yi gaskiya: tsohon ne uban mafi yawan ƙananan, har da waɗanda ya samu da 'ya'yansa mata. Amma ba duka ba. Akwai maza biyu da ke raɓe a gefen garke, kowa ya ɗauka 'yan kallo ne, ashe kowannensu yana da 'ya'ya. Ɗaya daga cikinsu ma yana ɗauke da wani reshen gado daga dabbobin da aka kafa garken da su wanda ya kusa ɓacewa a wajen sauran. Da an bi shawarar kawo baƙo ɗaya, da reshen nan ya tafi ba wanda ya san da shi.

21 ga Oktoba

Amsar kuromosom ta zo: adadi ɗaya, tsari ɗaya a garkunan biyu.

Ƙwayoyin da aka raina don gwajin ban bari an zubar ba, an daskarar da su cikin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri. Mai kula da cibiya ya tambayi amfaninsu. Na ba shi labarin feret mai baƙaƙen ƙafafu, wata ƙaramar dabba mai cin nama ta Amurka, wadda kafin 2020 duk masu rai suka fito daga dabbobi 7. A 1988 aka daskarar da ƙwayoyin wata mace da ba ta bar zuri'a ba, aka ajiye a San Diego. A Disamban 2020 aka haifi kwafinta daga ƙwayoyin nan. Bai ce komai ba, amma washegari ya aiko da fatar kunnen wasu tsofaffin dabbobinsa biyu.

Matsayar da aka cimma: mata uku da namiji ɗaya a kashin farko, bayan killacewa, sai a jira haihuwa biyu a duba kafin kashi na biyu. Ni aka ba zaɓen. Ina auna kowace dabbar cibiya da na gandu, ina neman waɗanda suka fi nisan dangantaka da tsohon, kuma ba 'yan uwan juna ba. Manhaja tana kuma nuna haruffan da take hasashen masu lahani ne, amma hasashe ne da aka gina kan jinom ɗin akuya, don haka ban ba shi nauyi kamar nasaba ba. Daga cikin waɗanda na fi so, mai cibiya ya hana ɗaya, ya ce ita ce ginshiƙin nasa garken. Ya fi ni gaskiya, na koma ta biyu a jerin.

4 ga Nuwamba

An toshe ramin shinge, an binne waya a ƙasa. Ranar Asabar aka raba tsohon da garken aka kai shi wani sashe shi kaɗai. Mai gadi ya ce tun daga ranar mazan nan biyu suke gwabzawa, har yanzu ba wanda ya kori wani, matan kuma sun rabu gida biyu. Na roƙe shi ya rubuta wace ke bin wane.

Mata ukun sun shiga killacewa jiya. Likita ya ɗebi jininsu, nawa kason yana hanya. Kafin ya iso sai na gama rubuta lambobi a sababbin kwalaben kashi, in aika musu da etanol, don na wajensu ya ƙare tun makon jiya.